Shawara ga masu naɗa koyil na zangon mita 160

Ƙannena masu sha'awar rediyo, musamman ku da kuka karɓi lasisi daga hukumar sadarwa ta Ghana, wato NCA, kuka fara kira da lambar 9G, na ga hankalinku ya soma karkata ga zangon mita 160 da na mita 80. Na ji daɗin haka ƙwarai, domin idan dare ya yi waɗannan zanguna na kai murya inda ba ka zata ba. Sai dai a unguwannin Accra irin su Nima ko Mamobi, wa ke da filin kafa eriya mai tsayin mita 40? Abin da zangon mita 160 ke nema ke nan idan za a ba shi haƙƙinsa. Galibinmu sandar mita 10 muke iya tsayarwa a tsakar gida ko a kan rufi, sai mu cike giɓin da koyil, wato naɗin waya da ake sawa a gindin eriya. A wannan koyil ɗin ne ni na daɗe ina zubar da wutata ban sani ba.

Ku fara riƙe lissafin. Sandar mita 10 a kan megahaz 1.8, rabon da ke fita iska bai wuce kimanin om 1.5 ba, om kuwa shi ne ma'aunin turjiya ga wuta. Koyil ɗin da zai daidaita ta yana kusa da mikrohenri 90, riyaktans ɗinsa, wato turjiyar da yake yi wa wutar rediyo ba tare da ya cinye ta ba, wajen om 1,000. Ingancin koyil, abin da ake kira Q, shi ke faɗa maka asararsa: ka raba 1,000 da Q. Idan Q ɗinka 100 ne, koyil ya ci om 10. Idan ka kai shi 300, bai ci fiye da om 3 da ɗoriya ba. Wuta ɗaya ce ke ratsa su duka, don haka kowa na cin rabonsa gwargwadon om ɗinsa. Eriya na da 1.5, koyil na da 10, ƙasa kuma tana iya cinye 15. Wat 100 ka tura, abin da ya tashi sama bai fi wat 6 ba.

Koyil ɗina na farko da siririyar wayar masu naɗin mota na yi shi, na matse zagayen a jikin juna a kan wani bututun ruwa da na tsinta, na ajiye shi dab da rufin kwano. Mitar SWR, mai auna yadda eriya ta dace da na'ura, ta nuna min abin da raina ke so. Allura na kwance, kuma ko na matsa sama ko ƙasa a zangon ba ta wani tashi. Sai na yi ta kira, shiru. Na zargi yanayi, na zargi na'ura. Wani dattijo da ya daɗe a harkar ya zo duba min, ya ce in danna makullin tura sigina na ɗan lokaci sannan in kashe komai. Da na kashe, ya kama hannuna ya ɗora a kan koyil. Da ɗumi, har bututun ya soma laushi a tsakiya. Ya ce, "Ɗana, ga inda muryarka take tsayawa." Na ce, "Baba, ai SWR ɗin ya yi kyau." Ya ce asarar ce ta gyara shi.

Wannan maganar ita ce nake so ta zauna muku. Gajeruwar eriya mai lafiya tana da ƙunci. A mita 160, ka matsa kilohaz kaɗan sai allura ta tashi. In ka ga gajeruwar sanda tana ba ka faɗi a sauƙaƙe, to wani abu na shan wutar. Mitar SWR ba ta bambance wutar da ta tashi sama da wadda ta zama zafi.

Sai batun waya. Wutar rediyo ba ta shiga cikin waya, a fatarta take gudu. A megahaz 1.8, zurfin da take shiga jan ƙarfe kusan milimita 0.05 ne kacal. Ke nan faɗin bayan waya shi ne abin nema, kuma shi ya sa siririn bututun jan ƙarfe na masu gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki ke yin koyil mai kyau duk da cikinsa rami ne. In ba ka samu ba, waya mai kaurin milimita 2 ta isa. Idan za ka zaga Zongo Lane ko wata kasuwa neman waya, sa ɗan maganaɗisu a aljihu. Akwai wayar da cikinta baƙin ƙarfe ne, an shafa mata jan ƙarfe sama-sama. Da zarar shafen ya yi siriri ko ya ci tsatsa, wutar ta faɗa kan ƙarfen, asara ta ninku. Ka kankare bakin wayar ma ka duba, fari a ciki alminiyom ne.

Matse zagaye shi ma ɓarna ne. Idan wayoyi suka manne, kowace na tura wutar 'yar'uwarta gefe guda, sai fatar da ake amfani da ita ta ƙara raguwa. Bar tazara kamar kaurin wayar kanta tsakanin zagaye da zagaye. Siffar koyil kuma kada ta zama doguwa siririya. Tsawonsa ya zama daidai da faɗinsa ko ninki 2, ba fiye ba. Abin da ka naɗa a kai, gwargwadon ƙarancinsa gwargwadon alheri. 'Yan sanduna na roba mai tsabta da za su riƙe wayar, saura iska, sun fi bututu mai kauri. Katako kuwa yana shan ruwa, damina na faɗuwa Q ya faɗi tare da ita.

Mu mutanen Accra muna da abokin gaba na musamman, iskar teku. Gishirinta na cin mahaɗa a hankali, ka tarar da kore-kore a bakin waya da kan kusa. A da'irar da gaba ɗaya ba ta wuce om 30 ba, mahaɗa ɗaya mai datti asara ce ta gaske. Na taɓa dogara da maƙalin haƙori don in riƙa sauya wurin haɗi cikin sauƙi, kuma zagayen da suka rage na gajarce su da waya. Duka biyun sun cuce ni: maƙalin ya yi tsatsa, zagayen da aka gajarce kuma wuta na yawo a cikinsu tana zama zafi. Nemo adadin zagayen da kake buƙata, yanke sauran, liƙe da dalma. Sannan ka yi masa rumfa da bokitin roba a kife, ƙasan a buɗe don iska ta shiga. Ka nisanta shi da kwano da ƙarfen gini aƙalla kamar faɗinsa, fiye ma ya fi. Da hunturu ka riƙa share ƙura, domin idan ta haɗu da raɓa tana ba wuta hanya.

Amma gyaran da ya fi kowanne riba bai taɓa koyil ɗin ba ma. Ka ɗaura wayoyi a ƙolin sandar, su bazu gefe-gefe zuwa bango ko bishiya. Wannan malafar tana rage riyaktans ɗin da koyil zai biya, har rabi idan ta yi faɗi, kuma asarar koyil na raguwa daidai da haka. Tana kuma sa wuta ta cika sandar har sama, sai om 1.5 ɗin nan ya haura zuwa 4 ko 5. Haɗa da wayoyin ƙasa masu yawa, ko da gajeru ne, a shimfiɗe daga gindin eriya. In asarar ƙasa ta sauko zuwa om 8, koyil na cin 2, eriya na da 4.5, wat 6 ɗin nan ya zama wajen 30 ba tare da ka sayi sabuwar na'ura ba. Na ɓata lokaci ina ƙawata koyil alhali ƙasata na cinye fiye da abin da yake ci.

Masu hangen zangunan da ke ƙasa da wannan, kilohaz 472 zuwa 479 da aka ware wa masu sha'awa a taron rediyo na duniya na 2012, ko kilohaz 136, ku fara tabbatar da abin da lasisinku ya yarje muku. A can wayar Litz, mai siraran zare da yawa kowanne da rigarsa, tana taimako sosai. A mita 160 amfaninta ya ragu, bai kai kuɗinta ba.

Ku kula da rai. Amfiya 2 a koyil mai om 1,000 na nufin bolt 2,000 a samansa, kuma yayin da kake rage asara wutar ƙaruwa take yi. Gidajenmu na haya ne, yara na wasa a tsakar gida, mata na shanya. Ɗaga koyil inda hannu ba ya kai, ko ka kewaye shi, kuma kada ka taɓa shi sai ka kashe na'ura.