Tambayar da Inna ta yi wa dariya

A shekarata ta ƙarshe a tsangayar shari'a ta Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai, na hardace shari'ar Hadijatou Mani kamar karatun allo. An sayar da ita a 1996, tana da shekara 12, a kan jika 240 na sefa, ta zama wahayya, wato macen da ake ajiyewa bayan mata huɗu, babu sadaki babu ɗaurin aure. A 2005 ubangidan ya ba ta takardar ƴanci, amma da ta auri wanda take so sai aka yanke mata wata 6 a gidan kaso, wai ta yi aure kan aure. Ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, wadda ta zauna a nan Yamai, ta ce gwamnati ta gaza kare ta daga bauta, sai ta biya ta diyyar miliyan 10.

Da wannan ilimi na hau mota zuwa jihar Tawa don binciken kundina, ina ji da kaina, jakata cike da takardun tambayoyi da na rubuta da Faransanci.

A wani ƙauye aka haɗa ni da wata dattijuwa. Na same ta bakin turmi tana surfen hatsi, dantsenta duk jijiya. Na gaishe ta, na zauna kan tabarma, na karanto tambayar farko: "Inna, an taɓa tauye miki hakkinki?" Ta jingine taɓarya ta yi dariya. "Ɗiyata, hakkina ai yana wuyan wanda ya ɗauka. Sai gobe kiyama." Ni ina nufin abin da ke cikin Yarjejeniyar Afirka ta 1981 kan hakkin ɗan Adam, ita kuwa alhaki ta ji. Kuma ban isa in ce ta yi kuskure ba, Hausa ɗaya muke ji.

Na naɗe takardar, na karɓi taɓarya, na kasa yin luguden kirki, ta ƙara yi mini dariya. Daga nan hira ta buɗe. Wa ke ɗebo ruwa a gidan? Ita. Tana da ranar girki? Babu. Da maigidan ya rasu, ƴaƴan da ta haifa masa sun ci gado, ita ko akuya ba ta samu ba. Kalmar bauta ba ta fito daga bakinta ba ko sau ɗaya, amma duk abin da dokar hana bauta ta 2003 ta haramta, dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 10 zuwa 30, yana cikin amsoshin nan.

A hanyar komowa na gane abin da na tsallake a karatuna. Hadijatou ba ta isa gaban alƙalan ba sai da ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta, da aka kafa a 1991, ta zauna da ita, ta saurare ta, ta haɗa ta da lauyoyi. Kuma kotun CEDEAO ba ta cewa sai ka gama da kotunan ƙasarka kafin ta saurare ka, shi ya sa ƙarar ta shiga. A aji mukan wuce wannan sharaɗi da gudu, ga shi kuwa shi ne ƙofar. Tun da ficewar Nijar daga CEDEAO ta tabbata a 29 ga Janairu 2025, nauyin ya komo kan alƙalanmu na Konni da Madawa da Illela, kuma a ganina can ya kamata irinmu su fara aiki, ba ofisoshin Janeba da muke mafarki ba.

Na sake rubuta takardar tambayoyin da Hausa. Malamina ya duba tambayar farko, ya ɗaga gira: "Wa ke ɗebo ruwa? Wannan shari'a ce?" Na ce, "Malam, a bar mini ita."