Gadar Kawo ta yi kyau, amma har yanzu a gindinta nake jiran mota

Jiya Litinin bakwai saura kwata na fito daga gida a Hayin Banki, nan cikin garin Kaduna, na taka zuwa Kawo don in hau mota zuwa Kakuri inda nake aiki, kuma wallahi kusan minti arba'in na yi a tsaye a gindin gadar nan kafin na samu wurin zama. Ba ni kaɗai ba ne, mun fi mu talatin, ga 'yan makaranta da yunifom, ga wata baiwar Allah da goyo da buhun kayan miya a gabanta tana son kaiwa Kasuwa, ga ma'aikata kowa yana duba agogon waya. Bas ta zo a cike, kwandasta na rataye a ƙofa yana "Kasuwa Kasuwa mutum ɗaya", mutum goma suka rufa a kan kujera ɗayan. A sama kuwa, kan gadar, motoci sai wucewa suke fiu fiu babu abin da ya tare su.

Tun a wurin nake ta juya abin da zan rubuta ɗin nan, don maganar ta daɗe tana cina.

Bari in fara da gaskiya, domin ni ba na cikin masu cewa ba a yi komai ba. Duk wanda ya san tsohuwar gadar Kawo ya san azabar da muka sha. Motocin Zariya da Kano, masu fitowa daga Mando da hanyar Birnin Gwari, tireloli, tankokin mai, masu fita daga tasha, kowa nan yake haɗuwa a ƙaramin wuri ɗaya, in ka shigo da yamma sai ka yi sallar magariba a gosulo. Da gwamnatin El-Rufai ta ƙaddamar da shirin sabunta birni a 2019 aka ba kamfanin CCECC na 'yan China aikin, aka rushe tsohuwar aka yi wannan mai hannu biyu da shataletale uku a ƙasa, Buhari ya zo ya buɗe ta a Janairun 2022. Aka yi hanyar ƙarƙashin ƙasa a Leventis, aka faɗaɗa tituna da yawa, aka gyara Murtala Square, aka sa fitilu. Wani abokina da ya yi shekaru a Legas da ya dawo hutun sallah sai da ya kira ni yana tambaya ta ina zai bi ya shiga Unguwar Dosa, garin ya rikice masa. Ni kaina ranar da na fara hawa gadar da daddare fitilu duk a kunne na ji wani irin alfahari a raina, na ce yau Kaduna ta yi kama da babban birnin Arewa da muke ji a bakin iyayenmu.

Toh amma titi na wa ne? Wannan ita ce tambayar da na kasa daina yi. A layinmu gida ya kai ashirin, masu mota ba su fi huɗu ba. Sauranmu keke napep ne da bas da acaba da ƙafa. Titi mai hannu biyu yana rage wa mai mota lokaci sosai, ni kuma da ba ni da ita abin da ya canza mini shi ne tsallaka titin ya ƙara wuya, don yanzu motoci gudu suke, ga kankare a tsakiya, tsoho ko mace mai goyo sai ta tsaya tana jiran wani ya riƙe mata hannu. Lokacin jiran motata bai ragu ba, kuɗin motar ma bai ragu ba.

Kuɗin mota kam kowa ya san inda aka kwana. Ranar 29 ga Mayun 2023 Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Daga Kawo zuwa Kakuri mota biyu nake hawa in an yi sa'a, ɗaya zuwa Kasuwa, ɗaya ta tsallaka da ni gadar Stadium zuwa kudu, wani lokacin in ƙara da keke zuwa ƙofar wurin aiki, da yamma kuma a sake. Na zauna na yi lissafi wata rana a bayan takardar rasit, sai na ga abin da nake kashewa a hanya a wata ya fi abin da nake ba maiɗakina na cefanen sati biyu. Mafi ƙarancin albashi da aka sa hannu a 2024 naira 70,000 ne, kuma mu da muke aiki a ƙananan wurare masu zaman kansu da yawanmu ko shi ba mu kai ba.

Akwai wani dattijo mai keke da nake yawan hawa nasa in na sauka, mutum mai natsuwa, kullum carbi na rataye a madubinsa. Ran nan na ce masa "Baba kun ƙara kuɗi kuma?" Ya ce "Ɗana ba mu muka ƙara ba, gidan mai ne ya ƙara, keken nan ba nawa ba ne, kullum sai na kai wa mai shi balas, in sayi mai, in yanki tikiti, abin da ya rage shi ne na tuwo." Ya ce sabon titi ya taimake shi ta wajen gyara, da can duk wata sai ya canza wani abu a ƙafar keken saboda ramuka, yanzu yana daɗewa bai je wajen bakanike ba. Amma fasinja sun ragu, mutane sun koma tafiya a ƙasa, wanda da zai hau daga Station zuwa Kakuri yanzu sai ya taka rabi ya hau rabi. Ka ga titin ya amfane shi, amma talaucin fasinjansa ya cinye amfanin.

Sannan akwai waɗanda titin ya bi ta kansu. Mai shayin da muke zama wajensa da daddare tun muna samari, teburinsa da bencinansa a bakin hanya suke shekara da shekaru, da aikin faɗaɗa titi ya iso aka ce kowa ya tashi, shi ba shi da takardar komai balle a yi maganar diyya. Ya koma cikin lungu, masu wucewa ba sa ganinsa, mu 'yan unguwa kaɗai muka rage masa, burodin da yake sayarwa a dare ɗaya yanzu sai ya kwana biyu. Ban ce kar a faɗaɗa titi saboda teburin shayi ba, amma da an ware musu ɗan wuri a gefe, mai shayi da mai faci da mai ƙosai da mai cajin waya, da ba a rasa komai ba. Su ne fa tattalin arzikin unguwa. Haka 'yan Kasuwar Barci da aka rushe a 2020 don a sake gina ta, kowa a garin nan ya san wani tela ko mai gwanjo da ya watse a lokacin, wasu sun dawo wasu har yau ba su farfaɗo ba.

Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. Idan na sauka Kakuri kullum ina wucewa ta gefen katangun masaƙun nan, ciyawa ta fito a saman rufi, ƙofofin ƙarfe sun yi tsatsa. Masaƙar KTL tun 1957 aka buɗe ta zamanin Sardauna, masaƙar UNTL ta biyo baya a 1964, ga Arewa Textiles, ga Peugeot da ta fara haɗa motoci a 1975, ga matatar mai a 1980. Kawuna ya yi shekara ashirin da wani abu a ɗaya daga cikin masaƙun, kuma in yana ba da labari sai ka ga idonsa ya canza. Ya ce in jiniya ta yi kuka lokacin canjin aiki titin Kakuri baƙi yake yi da mutane, kekuna kamar fari, masu abinci sun jera kwanuka, Bahaushe da Bajju da Tibi da Bayarabe da Ibo duk layi ɗaya. A lokacin titunan ba su kai na yanzu kyau ba ko kusa, amma akwai inda mutane za su je da safe. KTL ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe a 2007, wuta babu, baƙin mai ya yi tsada, atamfar waje ta cika kasuwa ta ɓarauniyar hanya. Yau muna da kwalta mai sheƙi da ta kai ka har ƙofar masana'antar da ba ta aiki.

Shi ya sa in na ji ana cewa tituna za su jawo masu zuba jari nakan yarda da rabi. Eh mai kuɗi ba zai kafa kamfani inda tirelarsa za ta maƙale ba, wannan gaskiya ne. An buɗe tashar sauke kaya ta kan tudu a Kakuri a 2018 don kwantena ta zo kai tsaye daga Legas, abu ne mai kyau. Amma mai kamfani yana tambayar wuta, yana tambayar tsaro, yana tambayar ko ma'aikacinsa zai iya isowa ƙarfe takwas ba tare da rabin albashinsa ya tafi a mota ba. Inda nake aiki yara biyu sun ajiye aiki bana, ɗaya daga Rigasa yake zuwa ɗaya daga Rigachikun, ba don an kore su ba, lissafin ne kawai bai fita.

Rigasa ma abin dubawa ce. Tun da aka buɗe jirgin ƙasan Abuja a 2016 unguwar ta canza, filaye suka yi tsada, shaguna da masu abinci da masu tasi suka cika bakin tashar, da 'yan bindiga suka kai wa jirgin hari ranar 28 ga Maris 2022 ya tsaya wajen wata takwas kowa ya ga yadda wurin ya mutu, sai da ya dawo a Disamba aka numfasa. Wannan ya nuna maka abin da ke ɗaukar jama'a da yawa a lokaci ɗaya shi ke raya kasuwa a kewayensa. Kuma Kaduna ai garin jirgin ƙasa ce tun asali, a kan layin dogo Turawa suka kafa ta kafin su dawo da hedikwata daga Zungeru, tsohon layin nan har yanzu yana nan ya ratsa garin daga arewa zuwa kudu ya tsallaka kogi, mutane na shanya kaya a kansa.

Kuma kar mu manta ayyukan nan da bashi aka yi da yawansu. Gwamna Uba Sani da bakinsa ya faɗa a 2024 cewa ya gaji bashin dala miliyan 587 da naira biliyan 85. Ni ba na cikin rigimar 'yan siyasa, ba ruwana da wane ya yi daidai tsakaninsu, abin da na sani shi ne bashin nan da mai mota da marar mota duk tare za mu biya shi, har da matar nan mai buhun kayan miya. Tunda haka ne ya kamata a ce ita ma titin ya yi mata aiki.

Bas-bas 100 masu amfani da gas da aka kawo a 2025 aka fara ɗaukar mutane kyauta, wannan shi ne karo na farko da na ji an yi wani abu da ni aka nufa kai tsaye. Na hau sau da dama, akwai sarari, ba a cusa mutum huɗu a kujerar mutum uku, ranar da na samu kuwa kuɗin motar ranar ya zama na madarar yarinyata. Matsalar sun yi kaɗan ga gari irin wannan, layi ya yi tsawo, kuma ba ka san takamaiman lokacin zuwanta ba, mai shiga aiki ƙarfe takwas ba zai iya dogara da wataƙila ba. Ana ta maganar BRT, wato manyan bas masu hanyarsu ta daban, daga Kawo zuwa Sabon Tasha, ina roƙon Allah ya sa a yi, a ware wa bas hannunta ita kaɗai a kan titunan nan da aka riga aka faɗaɗa, a sa lokaci a rubuce a kowace tasha, ko da za a karɓi kuɗi a karɓi wanda talaka zai iya. A yi rumfar jira mai inuwa da benci, a yi gadar tsallaka titi a inda mutane suke tsallakawa da gaske, kuma a zauna da masu keke da 'yan bas a tsara yadda za su riƙa kwaso mutane daga cikin unguwanni zuwa babban layi, kar a wayi gari a ce an kore su, su ma iyali gare su.

Na kai Kakuri jiya takwas da rabi ta wuce. Maigidana ya kalli agogo ya kalle ni, na ce "Alhaji a yi haƙuri, mota ce", ya ce ya sani, in gobe in fito da wuri. Yau da na idar da sallar asuba ban koma gida ba, daga masallaci na wuce Kawo, na tarar matar nan mai goyo ta riga ni zuwa, buhunta a gabanta.