Tarihin Rayuwata, Kashi na 5: Lambar da Aka Rubuta a Katina

Makon jiya mun tsaya a inda ma'aikaciyar asibiti ta turo ƙofa, ta jawo kujera kusa da ni, ta ce, "Hajiya, sai haƙuri, an samu ƙwayar cutar HIV a jininki." Da na faɗa wa Yaya a daren, ba ta yi kuka ba. Tambaya ɗaya ta yi min: "To duk shekarun nan ba ki ji komai a jikinki ba?"

Na ji mana. Sai dai kowane ciwo da sunan da muka raɗa masa, kuma babu wanda ya taɓa haɗa su wuri guda.

Na farko ya zo a 2014, kusan shekara guda da fitata takaba. Wasu ƙuraje ne masu ruwa suka feso min a haƙarƙarin hagu, suka jeru tun daga gadon baya har ƙasan ƙirji kamar an ɗaura min rabin ɗamara, ko ɗaya bai tsallaka dama ba. Zafinsu kamar an ɗora garwashi. Riga ma ba na so ta taɓa wurin, da ɗaurin ƙirji nake zama a kan keken ɗinki. Gwaggo ta ce ƙwaro ne ya bi ta jikina, aka shafa abin da aka shafa, suka bushe. Sai daga baya likita ya ga tabon ya gaya min cewa ƙwayar ƙarambau ce da na yi tun ina yarinya, take kwance a jijiya, ta samu garkuwar jiki ta yi sanyi ta farka. Ya ce da a lokacin an yi min gwaji, da ban kai inda na kai ba.

Daga nan sai zazzaɓi, yau lafiya gobe kwance. Duk zuwa kemis magana ɗaya ce, taifot da maleriya. Na sha allura har mazaunaina suka yi tsami. A 2015 gudawa ta kama ni fiye da wata guda, aka ce basir ne, aka kawo jiƙe-jiƙe. Ni da nake auna mutane da tef, a kaina na ga ramar: ƙuguna daga inci 36 ya koma 28. Sau uku ina rage rigunana da daddare, don kada masu kawo ɗinki su lura.

Abin da ya fi karya ni shi ne baki. Wani farin abu ya kwanta min a harshe da dasashi kamar kindirmo, ya gangara har maƙogwaro. In na haɗiyi tuwo sai in ji kamar ƙaya ce take sauka a ƙirjina. Na koma kunu da ruwan shayi. Ana haka tari ya shigo, ga gumin dare a tsakiyar hunturu, mutane na neman bargo ni ina matse zani. A nan ne aka fara raɗe-raɗin sammu, har aka ambaci sunan wata baiwar Allah da ba ta ji ba ba ta gani ba. Allah Ya yafe mana.

Kwana uku bayan gwajin, a farkon 2016, aka kwantar da ni. Sikeli ya nuna kilo 43, ni da nake 61. Aka karɓi kakina, aka ɗauki hoton ƙirji, aka ce tarin fuka ne. Sannan aka rubuta wata lamba a katina: CD4, 74.

Na ce, "Sista, wannan fa?"

Ta ce, "Sojojin jikinki ke nan. Mai lafiya yana da 500 zuwa 1,500 a ɗan ɗigon jini. Ƙwayar HIV su take shiga tana kashewa a hankali, shekara da shekaru, mutum yana yawonsa bai sani ba. In suka yi ƙasa da 200, shi ne ake cewa ƙanjamau. Daga nan ciwon da bai isa ya tunkare ki da ba, sai ya shigo ya miƙe ƙafa."

Ta ƙara da cewa a cikinsu tarin fuka ya fi kashe irinmu, a duk duniya. Na tuna tarin maigidana a watanninsa na ƙarshe, na kau da kai. Ya rasu a 2013, ana ba da maganin nan kyauta a asibitocin gwamnatin Najeriya tun 2006. Har yau in na hau adaidaita daga gidanmu zuwa asibitin sai na lissafa, tafiyar ba ta kai minti ashirin ba.

A gadon da ke kusa da nawa akwai wata matashiya, ba za ta wuce shekara 25 ba. Ciwon kai ne ya kawo ta. Kullum fuskarta a lulluɓe don ba ta son haske, wani lokaci ta yi ta surutai, danginta suna cewa iska ce. Likitoci suka ɗebi ruwan ƙashin bayanta, suka ce sanƙarau ne, amma ba irin wanda ake fama da shi lokacin zafi ba. Wannan wani abu ne dangin fumfuna yake kawo shi, yana hawa ƙwaƙwalwar wanda garkuwarsa ta yi ƙasa sosai. Mahaifiyarta ce ta gaya min, muna alwala, cewa yarinyar ta shekara biyu tana shan magani lafiya lau, har ta yi ƙiba, sai wani mai magani ya ce ya warkar da ita, ta ajiye. Ranar Laraba da asuba aka naɗe katifarta. Ban manta yadda uwar ta tsaya tana ninke zannuwa ɗaya bayan ɗaya ba.

Ni kuwa ba a fara min da maganin HIV ba, abin da ya ba ni mamaki. Na tarin fuka aka fara ba ni, na wata shida, tare da Septrin don tare wasu cututtukan, da wani na bakin. Kashegari na ga fitsarina ja kamar zoɓon da aka sirka, na ƙwala wa Yaya kira. Sista ta yi dariya ta ce aikin maganin ne, har hawaye yana rinawa. Cikin mako guda na cinye tuwo malmala ɗaya, Yaya tana kallona kamar na sauke Alƙur'ani.

Bayan mako uku aka ɗora ni a kan ƙwaya ɗaya kullum da dare. Ta wancan lokacin tana da jiri da mafarkai, in ga ina ɗinka rigar da ba ta da ƙarshe. Sai wajen 2019 aka canza mana zuwa wadda ake kira TLD, na huta da wannan.

Abin da ban shirya masa ba shi ne, sati biyu da fara ta, ina gida, sai zazzaɓi ya dawo sabo, kaluluwa ta fito min a wuya kamar ƙwan kaza. Gwaggo ta tafa hannu ta ce, "Ai na faɗa, maganin nan ƙarasa mutum yake yi." Wallahi na ɗauki robar zan jefa a masai. Yaya ce ta riƙe hannuna ta ce, "Ki bari mu ji daga bakin likita, in ya so ki zubar."

Likita ya lallatsa wuyan, ya ce, "Hajiya, sojojinki ne suka farfaɗo, suka tarar da tarin fuka a gida, suka hau shi da faɗa. Kumburin faɗan ne. Yana faruwa ga waɗanda suka fara magani lambarsu tana ƙasa. Kada ki kuskura ki tsallake ko kwana ɗaya." Ya ƙara min wata ƙwaya ta rage kumburi, da bitamin B6 saboda tafin ƙafata da yake min kamar ana tsira allura. Sai da aka yi kusan wata guda kafin wuyan ya saɓe.

Ranar da na koma a duba ni, sikeli ya nuna 47. Ina murna ina gyara mayafi zan fita, sai sistar nan ta kira ni gefe. Tun ranar farko take min maganar nan ina waskewa.

"Hajiya, autarki shekararta nawa?"

Na ce biyar.

"Kin shayar da ita?"

Na ce shekara biyu cur.

Ta ce, "Ranar Litinin ki zo min da yaran, su ukun."

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.