TARIHIN RAYUWATA, KASHI NA 17: Daren da muka sauka Olando

Satin da ya wuce na tsaya muku a inda bizarmu ta fito, yara na ta tsalle a kan kujera kamar ance musu gobe za a tafi. Toh yau zan shiga tafiyar kanta, zuwa Disney World, babban wurin wasa da shaƙatawa da ke kusa da birnin Olando a jihar Fulorida ta Amurka, amma ku yi haƙuri ba Disney ɗin zan fara baku ba, sai mun tsallake daren farko tukunna, don shi ne ya kusa haɗa ni faɗa da Abban Ikram tun ba mu ɗaure akwati ba.

Tikitin da muka samu mai sauƙi sai mun sauka Atlanta mun canja jirgi, na biyun kuma a takarda zai sauke mu Olando ƙarfe 10:40 na dare. Mu biyar ne, ni da shi da Ikram mai shekara 11, Sadik mai 8, sai autana Hanif da bai cika 5 ba lokacin. Kwana shida muka ware kuma mun riga mun shirya cewa a ɗaya daga cikin otal-otal ɗin da ke cikin harabar Disney World za mu zauna, saboda bas ɗinsu na kai mutum har bakin ƙofar kowanne filin wasa, sannan waɗanda suka sauka a nan ana barinsu su shiga minti 30 kafin sauran jama'a. Wannan babu gardama a kai. Gardamar ita ce daren da za mu sauka, ina za mu kwana?

Shi ra'ayinsa ɗaya ne tun farko, yace Maman Ikram mu wuce can kai tsaye, sauka ɗaya, kwance kaya ɗaya, gari ya waye yara su buɗe labule su ga sun iso. Ni kuma na ɗauko biro. Nace Abban Ikram duba nan, ɗakin nan daga ƙarfe 3 na yamma ake bayarwa, a fita 11 na safe, mu kuma kafin mu ɗauki kaya mu nemi mota mu yi tafiyar kusan mil 20 sha biyun dare ta gota, kenan za mu biya kuɗin wurin ninkaya da lambu da duk wani ƙawa na otal ɗin alhali barcin awa shida kawai za mu yi a ciki, kuma barci ai barci ne, ido in ya rufe bai san kalar bango ba. Ga otal-otal nan birjik a gefen filin jirgin, minti goma, kuɗinsu bai kai rabin wancan ba, har da motar da ke zuwa ɗaukar baƙi kyauta.

Wata ƙawata da ta je a 2019 ita ta ƙara masa ƙarfi, wai ai ba wata wahala, kana sauka akwai bas ɗin Disney kyauta da zai kwashe ku har otal. Gaskiya ta faɗa amma labarinta ya tsufa, bas ɗin nan da ake kira Magical Express tun farkon 2022 aka daina shi, yanzu ko bas ɗin kuɗi ko tasi ko ka yi hayar mota. Hayar mota kuwa nace ban yarda ba, mutumin da ya kwana biyu bai yi barcin kirki ba ya ɗauki yara uku a ƙasar da bai taɓa tuƙi ba cikin dare, ga hanyoyin nan 528 da 417 duk na biyan kuɗi ne, a'a wallahi. Akwai kuma hanya ta uku wadda ni da kaina na soke, otal ɗin da ke cikin ginin filin jirgin kansa, wanda daga inda ka ɗauki kaya lifta kawai za ka hau. Da naga kuɗinsa na rufe shafin ban ma nuna masa ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Kwana uku muna abu ɗaya, ƙarshe yace toh ke kika san lissafi, yi yadda kika gani. Duk matar da ta daɗe da aure ta san wannan maganar ba yarda ba ce, ajiya ce.

Ranar tafiya komai ya tafi daidai har Atlanta. A Amurka inda ka fara sauka nan ake duba fasfo, nan za ka ɗauki akwatunanka ka wuce kwastam ka sake miƙa su, ko da ba nan ne ƙarshen tafiyarka ba, toh wannan kaɗai ya cinye mana kusan awa biyu, Hanif na rataye a wuyana kamar ɗan biri. Muka samu ƙofar jirginmu muka zauna, tafiyar da ta rage ba ta wuce awa ɗaya da rabi ba, nace alhamdulillah an ci ƙarfinta. Ashe sama na da nata shirin. Watan Agusta ne, kuma damina a Fulorida kusan kullum da yamma sai hadari ya haɗo da tsawa, in walƙiya ta matso kusa da filin jirgi ana janye ma'aikatan da ke lodi da sauke kaya su shiga ciki har sai ta wuce, jirgi ɗaya ya makara sai na bayansa ma ya makara, haka abin ke bin juna har dare. Allon ya canja sau uku ina kallo. Na farko na yi dariya, na biyu na yi shiru, na uku na saci kallon Abban Ikram naga ya tashi da waya a kunne ya nufi gefen taga. Ban tambaye shi wa yake kira ba.

Ƙarfe ɗaya saura minti goma muka taɓa ƙasa a Olando. Daga inda jirgi ke tsayawa sai an shiga wani ɗan jirgin ƙasa mara direba ya kai ka babban ginin, muna fita sai ga wani makeken fili mai rufin gilashi, shaguna duk a rufe, na ɗaga kai naga barandojin ɗakuna jere a sama sun zagaye wurin, wasu da fitila a kunne. Ikram tace Mama can za mu kwana? Nace a'a namu na gaba kaɗan. Wallahi a lokacin zuciyata ta fara ce min kin yi wauta.

Kaya suka fito wajen ɗaya da rabi, akwati huɗu cif babu wanda ya ɓata. Na kira otal ɗinmu da muryar wadda ta san abin da take yi, nace mun iso a turo mota. Yarinyar da ta ɗauka cikin ladabi tace motarsu sha biyun dare take tsayawa, sai kuma da asuba. Nace amma an rubuta kyauta ce, tace eh kyauta ce, lokacinta ne ya wuce. Na buɗe takardar bukin ɗin a waya, ga shi nan ƙasa da ƙananan haruffa, laifin ba na kowa ba ne sai nawa, na karanta kyauta na tsaya a nan ban ƙarasa layin ba. Sai tsoro na biyu ya kama ni, nace ɗakin fa, yana nan? Domin otal da yawa in dare ya raba ba ka zo ba kuma ba ka yi magana ba sai su ɗauka ka fasa, su ci kuɗin daren su ba wani ɗakin. Tace yana nan, ai maigidanki ya kira ɗazu yace za ku makara. Na juyo na dube shi, yana gyara wa Hanif wuya, yaron ya yi barci a kan tulin akwatuna a keken tura kaya, ƙafa ɗaya babu takalmi. Bai ɗago ba. Yace ban ce komai ba fa. Nace nima ban ce ka ce ba.

Duk da haka sai da na ajiye girman kai na hau sama na tambayi otal ɗin cikin ginin, nace ko nawa ne yau zan biya. Babu ɗaki ko ɗaya, duk waɗanda jirginsu ya makara ko aka soke sun riga ni, har da wani bawan Allah a gabana da shi ma aka ba haƙuri. Irin wannan ɗakin tun kana gida ake kama shi, ranar hadari ba a samunsa.

Sai neman mota. Mu biyar da akwati huɗu ƙaramar mota ba za ta ɗauke mu ba sai babba, ga kuma dokar Fulorida, yaro ɗan shekara 5 zuwa ƙasa sai a kujerarsa ta yara. Na san da wannan, har na sayi 'yar ƙarama mai naɗewa tun kafin mu taso, amma a wanne akwati na saka ta? Ku zo ku ga mace ƙarfe biyun dare durƙushe a kan tayil ɗin filin jirgi tana zuge zif ɗaya bayan ɗaya, rigunan ninkaya da man shafawa na rana da safa duk a waje, Sadik na riƙe min fitilar waya duk da wurin haske ne tar, shi dai yana son ya taimaka. A na ukun na same ta, cikin tawul. Direban ya tsaya yana jiranmu bai ce uffan ba, Allah ya saka masa.

Abu ɗaya da na yi daidai a duk daren nan, kuma shi nake tutiya da shi har yau, shi ne 'yar jakar da na ware daban, kayan barcin kowa da buroshi da kayan da za a saka da safe da cajar waya. Muna shiga ɗaki biyu da kwata ita kaɗai na buɗe, sauran akwatunan a bakin ƙofa suka kwana a tsaye. Hanif ko motsi bai yi ba na canja masa riga. Sadik kuwa idonsa tar, domin agogon jikinmu na gaba da na Olando da awa biyar, shi a wurinsa gari ya waye, yana ta tambayata ko yanzu za a tafi wajen lilon. Da ƙyar da lallashi da barazana ya kwanta.

Ni fa tsarina na asali shi ne mu tashi shida, bakwai mu kama hanya, mu ajiye kaya a otal ɗin Disney tunda suna karɓar ajiya ko ɗaki bai zama shirye ba, mu ci moriyar minti talatin ɗin nan a Magic Kingdom, ɗaya daga cikin filayen wasan, tun ranar farko. A takarda ya yi kyau. Ina kwance ina saita ƙararrawa hannuna na rawa don gajiya sai Abban Ikram ya karɓi wayar yace tikitin shiga na kwana nawa kika saya? Nace huɗu. Yace kwana nawa za mu yi? Nace shida. Yace toh dole ne a jere? Muka duba tare, ashe ba dole ba, daga ranar da ka zaɓa ana ba ka rarar kwanaki ka yi amfani da su yadda ka so. Ya kashe ƙararrawar ya ajiye wayar a ɓangarensa. Kuma ya yi gaskiya, wurin da za ka yini a tsaye cikin zafi da layi, yara ba su yi barci ba, kuɗin tikitin ranar kawai za ka ƙona ka dawo da masu kuka.

Sai goma saura muka farka, muka yi wanka a gurguje don sha ɗaya ake fita. Da rana tsaka hanyar da nake tsoro jiya ba komai ba ce, rabin awa, yara na manne da taga, da muka wuce ƙarƙashin babbar ƙofar nan mai rubutun Walt Disney World Ikram ta fasa ihu har direba ya yi dariya. Ni ban san girman wurin ba sai ranar, ka shiga ƙofa amma ka yi ta tafiya cikin itatuwa da tafkuna ba ka ga komai ba, filayen wasa huɗu ne a ciki kowanne nesa da ɗan'uwansa, Magic Kingdom da aka fara buɗewa a 1971, sai Epcot, sai Hollywood Studios, sai Animal Kingdom. Muka miƙa kaya ajiya, yara suka faɗa ruwa, wajen biyu saƙo ya shigo waya cewa ɗaki ya kammala.

Har yau in maganar ta taso shi cewa yake da an bi tasa da tasi ɗaya za mu hau mu huta, ni kuma nace da an bi taka da sai kusan uku za mu kwanta a ɗakin da ya fi kowanne tsada, kuma da yaran sun buɗe labulen nan da kake faɗa da babu mai riƙe su, sai an tafi. A ganina in jirgi zai sauka kafin tara na dare a wuce kai tsaye, in ya haura haka da ƙananan yara a kwana kusa, amma a karanta layin har ƙarshe. Da za a maimaita, wancan na cikin ginin da na rufe shafinsa shi zan kama, ban dai faɗa masa ba, sai in ya karanta a nan.

Da yamma muna zaune bakin ruwa Sadik ya kawo taswirar Magic Kingdom yana nuna wa ƙaninsa wani abin hawa mai suna Space Mountain, yace gobe shi za mu fara hawa. Ikram da shegen karatu ta duba ƙasa tace ai sai wanda tsawonsa ya kai santimita 112. Duk muka juya muka kalli Hanif, shi kuma ya miƙe tsaye ya ɗage a kan yatsun ƙafa yace ni na kai. Abin da ya faru a gaban sandar awon nan washegari, sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.