Tuluna biyu da 'yan bi yarima a sha kiɗa

Na so in gani da idona yadda masu hankali ke bin ayari ko da ayarin ya ɓata hanya, sai na rubuta 'yar ƙaramar manhaja da Python, wani harshen rubuta manhajar kwamfuta, na kwaikwayi gwajin da masana tattalin arziki Anderson da Holt suka yi da ɗalibai a 1997. Asalin tunanin kuwa na Bikhchandani da Hirshleifer da Welch ne, tun 1992.

Tuluna ne biyu. Ɗaya na da ƙwallaye jajaye biyu da fari ɗaya, ɗayan farare biyu da ja ɗaya. Kwamfuta ta zaɓi tulu guda a ɓoye. 'Yan wasa su zo bi da bi, kowa ya zaro ƙwallo, ya duba shi kaɗai, ya mayar, sannan ya faɗi a fili tulun da yake zato. Na baya yana jin zaton na gaba, amma ba ya ganin abin da ya zaro. Na tsara cewa in hujjoji suka yi kunnen doki, kowa ya bi nasa ƙwallon.

Wajen mutum na uku ake yin ta. In biyun farko sun ce tulun jajaye ne, shi kuma ya zaro fari, hujja biyu ta rinjayi ɗaya, dole ya ce ja. Bai yi wauta ba, lissafinsa daidai ne. Sai dai maganarsa ba ta ƙara wa na huɗu komai ba, don da ja da fari duk abu ɗaya zai faɗa. Daga nan ilimin taron ya tsaya cik.

Kusan wasa ɗaya cikin biyar, kowa ya taru a kan kuskure. Alƙalami ma ya tabbatar: yiwuwar mutum biyu a jere su dace ita ce 4 cikin 9, su kuskure tare 1 cikin 9; in kuwa suka saɓa, a koma kunnen doki a sake daga farko. Ke nan ga kowane dacewa huɗu akwai kuskure ɗaya, wato ɗaya cikin biyar. Na ƙara 'yan wasa daga 100 zuwa 1,000, ko gezau. Da na sa kowa ya riƙa nuna ƙwallonsa, da wuya rinjaye ya kauce wa gaskiya.

Daga baya na cusa 'yan taurin kai kaɗan, masu faɗin abin da suka gani kawai. Su kansu sun fi saura yawan kuskure, amma kowannensu na fito da sabuwar hujja fili, kuma wasu jere kaɗan daga cikinsu sun isa su juya taron da ya ɓata.