Daga Reza da Rula Zuwa Injin Yankan Takarda

Duk wanda ya taɓa aiki a ofishin ƙaramar makaranta ya san yadda makon da ke gaban jarrabawar ƙarshen zango yake kasancewa. A makarantar da nake koyarwa a Tudun Wada, nan cikin Kaduna, ni aka ɗora wa alhakin haɗa takardun tambayoyi, kuma saboda tsadar takarda mun daɗe muna buga tambayoyin ƙananan azuzuwa sau biyu a kan falle ɗaya, sannan a raba shi a tsakiya. Ribar a fili take, domin rim ɗaya falle 500 ne, idan aka raba kowanne biyu ya koma 1,000, sai kuɗin rim guda ya yi aikin rim biyu. Wahalar tana wajen rabawar. Shekaru da dama da reza da rular ƙarfe muke yi, mu jera falle huɗu ko biyar a kan teburi, mu danne da tafin hannu, mu ja reza sau uku kafin ta ratsa, kuma sau da yawa sai bayan Magariba muke gamawa.

Abin da ya sa na ce dole a sake hanya shi ne wata safiya da yaran aji uku suka riƙa ɗaga hannu ɗaya bayan ɗaya suna cewa, "Malam, tambaya ta ƙarshe ba ta cika ba." Da na duba sai na ga rular ta zame a daren jiya, rezar ta bi ta karkace, ta ɗauke layin ƙarshe daga takardun kusan rabin ajin. Sai da na rubuta tambayar a allo. Abin ya dame ni ƙwarai, domin yaron da ya kwana yana karatu bai kamata ya tarar da takarda guntuwa a gabansa ba, kuma hankalin da ya tashi a farkon jarrabawa da wuya ya koma ya kwanta.

Injin farko da muka saya a wani shago a cikin gari irin mai doguwar wuƙa ne, wadda ake ɗagawa da hannu a sauke ta a gefen faranti, kamar almakashin da aka kafe ɓarinsa ɗaya. An rubuta a jikin kwalinsa cewa yana yanka falle 12 a lokaci guda, ni kuma na gaskata. Ranar farko na sa masa goma sha biyun, na sauke wuƙa, sai na ga fallen sama ya fita daidai, na ƙasa kuwa ya fi shi faɗi, bakinsa duk ya yi gashi-gashi kamar an yaga da hannu. Na rage zuwa takwas, matsalar ta ragu amma ba ta tafi ba. Na ɗauka wuƙar ce ba ta da kaifi, har na fara tunanin kai ta wurin mai wasa wuƙaƙe.

Wani dattijo da ya tsufa a sana'ar buga takardu, wanda muke kai wa katunan sakamako, shi ya warware mini. Na ɗauki injin na kai masa, ya shafa bakin wuƙar da bayan farce, ya girgiza hannunta, sannan ya ce, "Malam, wuƙarka lafiya lau take. Ina abin da ke riƙe maka takardar?" Na ce, "Baba, da hannu nake dannewa." Ya ce to nan ne ciwon yake. Ya nuna mini cewa idan wuƙa ta sauko a kan tarin takarda tana tura ta gefe kafin ta ratsa, kuma kowane falle yana zamewa kaɗan a kan ɗan'uwansa, don haka komai kaifin wuƙa, muddin babu ƙarfen da ya danne takardar dab da inda za a yanka, yanka ba zai miƙe ba. Daga nan ya kai ni gaban babban injinsa mai aiki da lantarki, ya taka wani abu da ƙafa, sai wani ƙaton ƙarfe ya sauko ya matse takardun tamau, sannan ya danna maɓalli biyu da hannayensa biyu kafin wuƙar ta motsa. Ya ce an yi shi haka ne da gangan, don kada hannun mutum ko ɗaya ya kasance kusa da wuƙa lokacin da take saukowa. Tun daga ranar, idan na tsaya a gaban injin yankan takarda, madannin nake fara dubawa kafin wuƙa, kuma wannan ita ce shawarar da na fi ba kowa.

Irin wannan inji ya daɗe a duniya. A shekarar 1844 wani Bafaranshe mai suna Guillaume Massiquot ya yi wa nasa rajista, har yau kuma Faransawa da sunansa suke kiran injin. Na ofis da na gida da muke gani a kasuwa ba su wuce iri uku ba. Akwai mai doguwar wuƙa irin namu na farko, wanda yake da sauri kuma yana iya cin kwali mai ɗan kauri. Akwai mai ƙaramar wuƙa zagayayya kamar taya, wadda take ɓoye cikin gidanta na roba tana gudu a kan sandar ƙarfe. Wannan ba ya ɗaukar takarda da yawa, amma ya fi kowanne miƙa layi, shi ya sa masu ɗaukar hoto suke son sa wajen yanka hoton fasfo da katin shaida da aka lulluɓe da roba. A cikin masu kyau na wannan iri, kamar na kamfanin Dahle na Jamus da Rotatrim na Ingila, tayar tana gogar wani dogon bakin ƙarfe duk lokacin da aka ja ta, sai ta riƙa wasa kanta da kanta. Na ukun shi ne mai nauyi, wanda ake murɗa madanninsa har ya matse takarda sannan a ja dogon hannu, wuƙar ta sauko ta tsaya a kan wata sandar roba; akwai masu cin falle 300 zuwa 400 a bugu ɗaya, kuma su ne ake gani a shagunan da ke ɗaure wa ɗalibai kundin bincike, irin waɗanda suka cika kewayen Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna.

Game da adadin da ake rubutawa a jikin kwali, abin da na gani da idona shi ne a raba shi biyu a yi aiki da rabin. Takardar da muke sakawa a injin fotokwafi yawanci mai nauyin giram 80 ce, kaurin falle ɗaya kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita, shi ya sa rim yake kai kimanin santimita 5. Katin sakamako ko katin gayyatar biki yana iya ninka wannan kauri sau biyu ko uku, saboda haka injin da ya ci falle shida na takarda cikin sauƙi bai kamata a ɗora masa fiye da kati biyu ko uku ba. Wanda ya tilasta masa zai sassauta notin da wuƙar ke juyawa a kai, kuma da zarar wuƙa ta fara nesanta da bakin farantin, sai ta riƙa lanƙwasa takarda tana cusa ta a tsakani maimakon ta yanka.

Tsawon wuƙa ma abin lura ne, kuma a nan mutane da yawa suke yin kuskure. Takardar A4 faɗinta santimita 21 ne, tsawonta 29.7, don haka wanda yake son ya iya yanka ta a tsaye yana buƙatar injin da ya kai santimita 30 ko ya ɗan haura. A3 kuwa, wadda ake buga jadawalin darussa da manyan sanarwa a kai, tsawonta santimita 42 ne. Wannan tsarin awo ya samo asali ne daga Jamus a 1922, kuma hikimarsa ita ce duk fallen da aka raba biyu a tsakiyar tsawonsa yana ba da girman da ke biye da shi, A3 ta ba da A4 biyu, A4 ta ba da A5 biyu masu faɗin santimita 14.8. Inji mai kyau yana da zanen waɗannan girma a kan farantinsa, sai kawai a daidaita takarda da layin A5 a yanka, ba sai an ɗauko rula ba. Amma a yi hattara da tsofaffin injunan da ake shigowa da su daga Amurka, domin can takardarsu ta yau da kullum inci 8.5 ce da inci 11, ta fi A4 faɗi kaɗan kuma ba ta kai ta tsawo ba, kuma zanen farantin nasu ya bi wannan awo. Injin yana iya zama mai ƙarko sosai, sai dai mai shi zai yi wa kansa sabuwar alama a farantin.

Lokacin da muka tashi sayen na biyu, na zagaya shagunan kayan ofis na titin Ahmadu Bello da na Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da takarduna a cikin jaka. Duk inda na ga wanda ya kwanta mini sai in ce, "Alhaji, a ba ni izini in gwada," kuma ban gamu da wanda ya hana ba. Gwajin mai sauƙi ne. Ina jingina falle da katangar sama ta farantin in raba shi biyu, sannan in kifa rabi ɗaya a kan ɗayan. Idan bakunan sun haɗu daga sama har ƙasa, katangar da wuƙar suna kan kusurwa daidai, idan kuwa gefe guda ya leƙo, injin a karkace yake tun daga masana'anta kuma babu gyaran da zai miƙar da shi. Ina kuma ɗora rulata a kan layukan farantin in ga ko awon nasu gaskiya ne, in ɗaga wuƙar zuwa rabi in sake ta in ga ko za ta tsaya da kanta. Wadda ta faɗo da nauyinta ba ta shiga makaranta, ko da kyauta aka ba ni. Farantin ƙarfe ko na katako mai nauyi ya fi na roba, domin mara nauyi yana ɗagowa ya bi wuƙa duk lokacin da aka ɗaga ta.

Wajen aiki da shi, na koyi in fara buga gefen takardun a kan teburi har su daidaita, in cire duk wani fil ko ƙarfen sitefila, domin ƙarfe ɗaya tak ya isa ya yi wa wuƙa giɓin da zai riƙa barin tabo a kowane yanka. A tsaye nake yi, ba a zaune ba, hannun hagu a kan madanni, yatsu a bayan shingen kariya, hannun dama kuma yana sauke wuƙar a jere ba tare da tsayawa a tsakiya ba, yana ɗan jan ta zuwa jikin farantin don bakunan biyu su riƙa gogar juna. Sara ta da ƙarfi kamar ana faskare ba ya ƙara mata ci, sai ma ya ture takardar. Idan aikin mai yawa ne, falle ɗaya nake fara yankawa in karanta shi daga sama har ƙasa kafin in taɓa sauran.

Maganar yara ita ce ta fi tsaya mini a rai. Wata rana aka kira ni waje ina tsakiyar aiki, na fita na bar wuƙar a ɗage. Da na dawo sai na tarar da wata yarinya 'yar aji biyu, wadda aka aiko karɓar alli, ta kai hannu tana shirin taɓa bakin wuƙar saboda ƙyallinta. Allah ya tsare, na riƙe hannunta kafin ta kai, amma jikina ya daɗe yana rawa, domin amanar 'ya'yan mutane ce a hannunmu, kuma sakacin nawa ne. Tun daga ranar, ko ruwa zan sha sai na sauke wuƙar na sa mata sakata, kuma idan an gama aiki injin yana komawa cikin kabad a kulle. Saboda wannan ne idan malaman azuzuwa ko iyaye suka tambaye ni wanda za su saya don aikin aji ko na gida, irin su yanka takardun manna wa robar zoɓo da kunun aya, ko katin walima, ko aikin zane na yara, nake ce musu su nemi mai taya. Aikinsa ba sauri, amma wuƙarsa a rufe take, kuma yana shiga aljihun teburi.

Yanayin Kaduna ma yana da nasa tasiri a kan wannan kayan aiki. Da damina, musamman a watan Agusta, takardar da aka bari a buɗe tana shan danshi ta yi laushi, sai ta riƙa yagewa a bakin wuƙa, don haka rim yana zama cikin ledarsa har ranar da za a yi amfani da shi. Wuƙar kuma tana saurin tsatsa, shi ya sa nake shafa mata ɗan man keken ɗinki da tsumma, daga bayanta zuwa baki, in yanka tsohuwar takarda sau biyu ko uku ta kwashe ragowar man kafin ta taɓa takardar jarrabawa. Da hunturu kuwa ƙura ce take shiga mahaɗar wuƙar da sandar da taya ke gudu a kai, sai a lulluɓe injin da yadi. Idan kaifin ya dakushe da gaske, gara a kwance wuƙar a kai wa masu wasa wa gidajen buga takardu, saboda ta gefe ɗaya kaɗai ake wasa ta, kuma wanda ya saba da wuƙar mahauta zai ci ta gefe biyu ya lalata ta.

Yanzu a ofishinmu inji biyu ne, mai doguwar wuƙa da madanni don takardun tambayoyi, da ƙaramin mai taya don hotunan fasfo na sababbin ɗalibai. Mun yi shawarar sayen babban mai cin ɗaruruwa, amma da muka duba muka ga sau uku kawai a shekara muke da aikin da ya kai haka, sai muka bar shi. Idan jarrabawar ƙarshen shekara ta zo, ina ɗaure rim-rim ɗin a bayan babur in kai wa Baba, ya matse su a ƙarƙashin ƙarfensa ya raba cikin 'yan mintoci, in dawo da su makaranta kafin a kira Azahar.