Ranar da muka ɗauki fostar mai gadi

Talata, da daddare.

Yanzu na gama kwashe hotunan zuwa kwamfuta. Ƙafafuna na zogi amma barci ya ƙi zuwa, bari in rubuta tun abin bai sulale mini ba.

Darakta yana son kowanne cikin manyan mutanen fim ɗin su huɗu ya samu fostarsa, yau muka fara da tsohon mai gadi, wanda ya ga abin da ya faru a wani dare ya kuma kame bakinsa shekara 20. Tun jiya na zana fostar a takarda da fensir: inda kai zai tsaya, inda sunan fim zai zauna, da filin ƙasa da ake jera sunayen ma'aikata da siraran haruffa. Na taɓa cika hoto da fuska har rubutu ya rasa wurin zama, mai zane ya kwana yana ƙara bango. Tun daga nan ba na ɗaga kyamara sai na san inda rubutu zai faɗa. Girman da muke nufi inci 27 da 40 ne, irin na gidajen sinima, amma hoton nan za a sake yanke shi a ma'aunin faɗi 4 tsawo 5 don Instagram. Shi ya sa na ja da baya na bar sarari ta kowane ɓangare.

Bango mai ruwan toka na rataya, domin ba ya watsa launi a kan tufafi, kuma yanke mutum daga cikinsa ba wuya. Gilashin kyamara mai milimita 85 na ɗaura, shi ne ba ya kumbura hanci ko ya janye kunnuwa baya. Ƙofar haske, wato ramin da haske ke bi ya shiga kyamara, na ƙuntata ta zuwa ma'aunin f/8, don ido da gemu su fito tar idan an buga da girma.

Haske ne ya cinye mana safiya. Na kafa babbar fitila a gefe, sama da kai kaɗan, ina neman ɗan hasken nan mai kusurwa uku da ke sauka a kuncin da ke cikin inuwa, wanda masu hoto ke kira da sunan Rembrandt, mai zanen nan ɗan ƙasar Holan da ya rasu a 1669. Da farko fuskar ta fito sumul kamar hoton katin shaida. Sai na cire farin allon da ke mayar da haske, na rataya baƙin ƙyalle a gurbinsa, inuwa ta yi nauyi. Na kuma matso da fitilar, tunda haske yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu duk lokacin da nisa ya ninka. Fuska ta ɗauki haske, bango ya dushe. Wata ƙaramar fitila daga baya ta zana layin kafaɗarsa. Mai kwalliya kuwa na roƙe ta ta kashe maiƙon goshi kawai, kada ta taɓa tamojin nan ko ɗaya. Shekaru 20 ɗin a cikinsu suke.

Duk da haka hoton ya ƙi. Dattijon da ke wasan ya daɗe a harkar, kyamara ta saba da shi, kuma wannan sabawar ce ta zame mana matsala. Da na ɗaga hannu sai ya gyara kafaɗa, ya ɗaga haɓa, idonsa ya yi wannan ƙyallin da masoyansa suka sani. Hotuna masu kyau, amma nasa ne, mai gadin bai zo ba. Na ɗauka na ɗauka har jikina ya fara sanyi.

Na ajiye kyamara na matsa kusa da shi. Na ce, "Baba, a yi mini haƙuri, ni ba ku nake nema ba, mutumin bakin ƙofar nan nake nema."

Ya dube ni jim kaɗan, ya ce, "Ɗana, to ba ni makullan."

Aka miƙo masa tarin makullan da yake riƙewa a fim ɗin. Ya zauna yana juya su a tafin hannu, kowa ya yi tsit. Darakta ya tsaya a bayana, ya karanta a hankali tambayar da ake yi wa mai gadin a fitowa ta ƙarshe. Baba bai amsa ba. Kafaɗunsa suka sauka, leɓensa ya matse, idonsa ya kauce daga kyamara kamar mai jin kunyar wanda ke tsaye a gabansa. Sau uku na danna. Hannuna har rawa yake.

Mun ɗan yi ja-in-ja da darakta daga baya. Shi yana son wanda ido ke kallon mai kallo kai tsaye, domin shi ke tsayar da mai wucewa, kuma yana da hujja. Ni na kafe a kan na biyu cikin ukun nan: mutumin da ya ɓoye magana shekara 20 ba ya haɗa ido da kowa. Mun bar shi sai mai zane ya ɗora rubutu a kan duka biyun, mu gani.

Kafin mu tashi na manna alama a ƙasa inda kowace fitila ta tsaya, na rubuta tsayinta da ƙarfinta, domin fostocin huɗu su fito 'yan gida ɗaya. Gobe 'yar mai gadin ce. Ita hasken zai zo mata daga ɗaya gefen, yadda idan an jera fostarta kusa da tasa za a ga tana kallonsa, shi kuwa ya kau da kai.